Ciwon sanyi, tunjere da ƙanjamau: in an gwada mutum a asibitin Legas, ina sunansa yake zuwa?

Dattijon_Zango:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta yi ƙarfi a bakin matasanmu na Agege, Mile 12 da Alaba Rago. Wai duk wanda aka gwada a asibiti aka same shi da ciwon sanyi, tunjere ko ƙanjamau, dole asibitin ya tura sunansa da lambar wayarsa Alausa, hedikwatar gwamnatin jihar Legas, daga can a wuce da su Abuja. Shi ya sa yaro ya gwammace ya tsaya a kemis ya haɗiyi kafso da ya je ya yanki kati. Ma'aikatan lafiya da lauyoyin da ke cikinmu, ku warware mana. Me doka ta ce a kai rahotonsa, wa ake kai wa, da suna ko ba suna? Ni dai a ganina ko da ana kai sunan ba laifi ba ne, tunda cuta ce mai shiga gidajen mutane.

SaIdo_Mushin:
Wa alaikumus salam Baba. Kai rahoto dole ne, amma ba kowane rahoto ne ke ɗauke da suna ba. Tsarin da ake bi shi ne IDSR, tsarin sa ido a kan cututtuka da kai rahotonsu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito wa ƙasashen Afirka da shi a 1998. Hanyarsa ɗaya ce: asibiti ya ba jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, wato DSNO, shi kuma ya miƙa wa babban jami'in annoba na jiha, jiha ta miƙa wa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Abuja.

Fom iri uku ne. Na 001 na cututtukan da ba a kwana da su ne, irin kwalara, zazzaɓin Lassa, sanƙarau, ƙyanda, shawara da shan inna. Waɗannan cikin awa 24 ake sanarwa, kuma da suna da adireshi, domin sai an je gidan an ɗebi samfur an duba na kusa da mara lafiyar. Na 002 na mako-mako ne, adadi kawai. Na 003 na wata-wata ne, shi ma adadi kawai, kuma a nan cututtukan da ake ɗauka ta jima'i suke. Layi ne a takarda: mutum nawa suka zo da fitar ruwa ta gaban namiji, nawa ta gaban mace, nawa da gyambo a al'aura, an raba su bisa rukunin shekaru. Babu gurbin rubuta suna a fom ɗin gaba ɗaya.

Dattijon_Zango:
To sunan da ake rubutawa lokacin yankar kati fa?

MaiRajista:
Wannan yana cikin rajistar asibiti da fayil ɗin mara lafiya, Baba, kuma nan yake zama. Ƙarshen wata mai kula da bayanai zai buɗe rajistar masu zuwa a duba su, ya bi layi-layi yana jan sanda a takardar ƙirga, biyar-biyar, ya haɗa jimla ya zuba a fom. Cikin makon farko na sabon wata ya kamata ya isa ƙaramar hukuma. Akwai kuma fom ɗin taƙaitawa na wata da ake shigarwa a manhajar DHIS2, shi ma jimla ce.

Inda aikin ke lalacewa ba wajen suna ba ne, wajen ƙirgar ne. Likita ya rubuta "ciwon mara" ko "ciwon mafitsara" don ya rufa wa mutum asiri, mai ƙirga kuwa abin da ya gani zai ƙirga. Mutum ɗaya ya dawo sau uku a wata a kan ciwo ɗaya, in ba a cika gurbin sabon zuwa ko dawowa ba, ya zama mutum uku. Sannan ƙa'ida ce in ba a samu kowa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau. Gurbi fayau ba ya nuna ko ba cutar ne ko ba a ƙirga ba ne, amma a sama sau da yawa duk ɗaya ake karanta shi.

Lab_Yaba:
Ƙarin bayani a kan maganar SaIdo_Mushin, kada wani ya fahimci cewa duk ƙurjin da ya fito a al'aura ba a kai suna. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017, tana yaɗuwa ta haɗuwar jiki har da jima'i, kuma sau da yawa a gaba take fara fitowa. Ita tana cikin na gaggawa. In likita ya zarge ta, fom 001 zai cika da suna, a goge ƙurjin da auduga a tura gwaji, a bi waɗanda suka haɗu da shi kwana 21.

SaIdo_Mushin:
Haka ne Malam Lab_Yaba. Ita kaɗai ce ke yawan rikita mutane a wannan fannin.

MaiBaDaShawara:
Ƙanjamau kuma hanyarta daban, domin magani ne na tsawon rai, dole a san wa ake ba. Wurin karɓar magani yana da sunan mutum, lambar waya, kwatancen gida da lambar wani na kusa da shi in ya yarda. Amfaninsu shi ne in ya wuce ranar karɓar magani a kira shi. In ya kai kwana 28 bai zo ba, ana lissafa shi cikin waɗanda maganinsu ya katse. Abin da ke hawa rumbun bayanai na ƙasa lambar mara lafiya ce da shekarunsa da irin maganinsa da sakamakon awon yawan ƙwayar cutar a jini, an cire suna.

Abin da ya fi tsorata mutanenmu shi ne ɗaukar zanen yatsa. Dalilinsa ƙirga ne. Mutum ya yi rajista a Legas, damina ta yi ya tafi gida ya sake rajista a Sakkwato a matsayin sabo, ya dawo ya buɗe na uku a Ikorodu. A takarda an samu mutum uku, biyu daga ciki sun "ɓace". Wanda zai tafi gida noma ya faɗa tun da wuri, ana iya ba shi maganin wata uku zuwa shida a tafi ɗaya, ko a rubuta masa takardar sauya asibiti.

Lauya_Obalende:
Ta fuskar doka, Baba, abu uku za a riƙe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk bayanin mara lafiya sirri ne. Ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wata doka ta buƙata, ko kuma ɓoyewar ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta hana mai ɗaukar aiki ya sa gwajin ya zama sharaɗin ba da aiki, kuma Legas tana da tata dokar tun 2007. Sai dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu. Babu inda aka ce a kai wa 'yan sanda, ko mai gidan haya, ko shugaban kasuwa. Ma'aikacin da ya yi haka shi ne ya karya doka, ba mara lafiyar ba.

Injiniya_Apapa:
To ni ina bayan Baba. Me adadi zai yi wa matar da ke gida? A 2014 da Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli, suna da adireshi ne suka cece mu. An bi kusan mutum 900 gida-gida, zuwa 20 ga Oktoba an ce ƙasar ta rabu da cutar. A Amurka ma dakin gwaji da kansa yake tura sunan mai tunjere ko sanyi ga hukumar lafiya ta jiha, jami'i ya kira shi ya tambayi waɗanda ya kwana da su. Tun 2008 duk jihohinsu da suna suke kai rahoton ƙanjamau. Su ba su san sirri ba ne?

Likita_IdiAraba:
Injiniya, Ebola da sanyi ba tafiyarsu ɗaya ba. Mai Ebola zazzaɓi zai kayar da shi cikin kwana 21, ko ya so ko bai so ba sai an gan shi. Mai kilamidiya kuwa, wata cutar jima'i mai kama da sanyi, musamman mace, za ta yi watanni ba ta jin komai. Tunjere ƙurji ɗaya yake fitarwa wajen mako uku bayan an ɗauka, ba zafi, ya warke da kansa cikin mako uku zuwa shida, mutum ya ɗauka ya rabu da shi alhali ya shiga jini. Irin wannan cutar ba ka da hanyar ganinta sai mai ita ya kawo kansa. Duk abin da zai sa ya fasa zuwa, ya rage maka abin da kake gani.

Game da Amurka, sunan a jiha yake tsayawa, abin da ke zuwa hukumarsu ta tarayya an cire suna. Kuma suna da ma'aikata na musamman da aikinsu kenan. Ingila ta bi wata hanyar. Tun 1916 suka buɗe asibitocin waɗannan cututtuka kyauta kuma a sirrance, bayanan da ake tarawa ba suna a ciki. Sun ɗanɗana tilas kafin nan: dokokin 1864 sun ba da damar kama matan da ake zargi a garuruwan sojoji a duba su da ƙarfi, aka yi ta rigima har aka soke su a 1886. Suwidin kuma tsaka-tsaki, bin abokan kwanciya dole ne a doka, amma rahoton da lamba ake kai shi.

Injiniya_Apapa:
To a ba mu irin na Suwidin ɗin mana.

SaIdo_Mushin:
Da wane ma'aikacin? Legas ƙananan hukumomi 20 ne da yankunan raya ƙasa 37. Jami'in sa ido da mataimakinsa su ne na kwalara, su ne na ƙyanda, su ne masu bin asibitoci masu zaman kansu suna roƙon fom ɗin wata. HEFAMAA ce ke yi wa waɗannan asibitocin rajista, amma rajista daban, cika fom kowane wata daban. In aka ce a bi kowane mai sanyi da suna, takardu ne za su taru a kabad ba wanda ya bi kowa, ga kuma sunayen mutane a ajiye.

UngozomarZango:
Ni wuri ɗaya nake so a bi mutum ɗaya-ɗaya, wato mai ciki da aka samu da tunjere da jaririn da ta haifa. Nan adadi ba ya wadatarwa ko kaɗan. A awon ciki na farko ana ɗiga jinin yatsa a kan abin gwaji mai layi biyu, ƙanjamau da tunjere a tare, minti 15 zuwa 20 an karanta. In layin tunjere ya fito, ranar ya kamata a yi mata allurar benzatin fenisilin, yunit miliyan 2.4, a tsokar ɗuwawu, galibi a raba biyu kowane ɓangare rabi. In ba a san tsawon lokacin da ta yi da cutar ba, sau uku ne, mako-mako. Kuma don ta kare jaririn sosai, a yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa.

Ga inda ake faɗuwa. Allurar ba ta cikin kabad, sai a rubuta mata ta je ta saya, ta tafi ba ta dawo ba. Ko ta yi ta farko, ta biyu ta zo daidai da tafiya gida wankan jego na wata 'yar'uwa. Ko wani ya musanya mata da doksisaikilin, wanda ba a ba mai ciki. Ita allurar ma kauri gare ta kamar kunu, in ba a girgiza sosai an yi amfani da allura mai faɗin baki an tura nan take ba, toshewa take yi, kuma ba a taɓa yin ta a jijiya. Bayan an yi a zaunar da ita rabin awa a ga ko jikinta zai ƙi. A kuma gaya mata zazzaɓi na iya zuwa cikin awa 24, kada ta ce allurar ce ba ta karɓe ta ba ta gudu.

In ba a yi ba, sakamakon ɓari ne, ko a haifi ɗa ba rai, ko ya zo da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 700,000 ne cutar ta shafa a 2022. A fom ɗin wata za a ga an gwada kaza, an samu kaza. Wace ce ba ta gama allura ba, fom ba zai faɗa ba.

Lab_Yaba:
Hajiya ta yi daidai, sai dai a kula da abu ɗaya. Wannan gwajin na yatsa in ya taɓa nuna tunjere, galibi haka zai yi ta nunawa har ƙarshen rai ko an warke. Mace mai ciki na biyar za ta iya nunawa a kowane ciki, a yi ta ƙirga ta sabuwa. Mai bambancewa shi ne gwajin jini na RPR ko VDRL, da ake tsinka jinin kashi-kashi a ga ƙarfin alamar cutar. In magani ya ci, daga 1:32 misali ya kamata ya sauko 1:8 ko ƙasa cikin wata shida zuwa shekara. A rubuta mata wannan lambar a katinta.

UngozomarZango:
Gaskiya ne Malam. Amma inda babu RPR, kuma ba ta da shaidar an taɓa yi mata allurar, ba a jira. A yi mata.

Famasis_Mile12:
Duk wannan maganar ta waɗanda suka je asibiti ce. Su nawa ne? Namiji in ya ɗauki sanyi, kwana biyu zuwa bakwai zai ga mugunya da zafin fitsari. Inda zai fara zuwa kemis ne ko wurin mai magani a tasha. A haɗa masa kafso ja da yalo huɗu, ƙwayar maganin sifiro biyu, a ɗaure a leda. Mai kemis ba ya cika fom 003, kuma lasisin da PCN, hukumar kula da harkar magunguna, ke ba shi bai ma ba shi damar sayar da irin waɗannan magungunan ba, to ta yaya zai rubuta cewa ya sayar? Kenan adadin da ke zuwa Abuja na waɗanda kemis ya gaza a kansu ne.

Kuma sifiro ya daɗe da daina cin ƙwayar sanyi a yawancin duniya. Abin da ake yi yanzu allurar seftirayazon ce sau ɗaya a tsoka. Da miligiram 250 ne, Amurka ta ɗaga zuwa 500, a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 1. Ana haɗawa da doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma kwana bakwai saboda kilamidiya, don sau da yawa tare suke zuwa. Mai ciki azitiromaisin giram 1 ake ba ta a madadinsa. Sannan kwana bakwai ba kusantar iyali, kuma sai ita ma an yi mata magani. Rabin magani yana kwantar da mugunyar ne kawai, ƙwayar tana nan, mutum ya kai gida.

Lab_Yaba:
Kuma sanin ko seftirayazon ɗin ma ya fara gazawa sai an shuka ƙwayar, wato a raine ta a ɗakin gwaji a gwada magani a kanta, wanda shi ne sa idon da ya fi ƙaranci. Ƙwayar sanyi ba ta da juriya a wajen jiki. Audugar da aka goga in ta bushe, ko aka sa ta a firji, ta mutu. Ko dai a shafa a farantin shuka nan take, ko a sa a ruwan ɗauka mai gawayi a kai cikin 'yan awoyi. Farantin yana son zafi digiri 35 zuwa 37 da iskar kabon wajen kashi 5 cikin ɗari. Inda ba na'ura, kyandir ake kunnawa a cikin kwalba a rufe. Wuta ta ɗauke da dare ba janareta, aikin ya tashi. Na'urar GeneXpert tana gano sanyi da kilamidiya daga fitsarin farko cikin kamar minti 90, in mutum ya yi awa ɗaya bai yi fitsari ba, amma ba ta faɗin wane magani ne zai ci.

Sai kuma takardun sakamakon gwaji da ake yawo da su an rubuta "staf", sunan wata ƙwayar cuta. Wannan ƙwayar a fatar mutane da yawa take zaune lafiya lau. Ganinta a audugar da aka goga ba shi ne ciwon sanyi ba, amma ana sayar wa mutane allurai na makonni a kanta.

Likita_IdiAraba:
Haka ma ɓangaren mata. Yawancin fitar ruwa da ƙaiƙayi ba daga namiji aka ɗauko su ba, rikicewar ƙwayoyin wurin ne, kuma ba daga bandaki ba kamar yadda ake cewa. Shi ya sa mai karanta alƙaluma ya fi dogara da layin maza da layin gyambo. Fitsarin jini a ƙarshen fitsari ga wanda ya taso yana wanka a rafi ko dam kuma, a fara duba tsargiya kafin a zargi kowa.

Hajiya_Sabo:
Kun tafi wajen kwalba da kyandir kun bar tambayar Injiniya. Mutum yana Apapa yana jiran lodi, matansa biyu suna Katsina. An yi masa allura ya warke. Su wa zai gaya musu?

MaiBaDaShawara:
Hajiya, hanya huɗu ce, kuma duk da yardarsa. Ko a ba shi takardar gayyata ya kai musu da kansa, takardar ba ta ɗauke da sunansa ko sunan cutar, lamba ce da ma'aikacin can zai gane. Ko ya ba da lambar waya ma'aikaci ya kira, ya ce ana so ki zo a duba lafiyarki, ba tare da an ce wane ne ya bayar ba. Ko a yi yarjejeniya, in bai faɗa ba zuwa rana kaza ma'aikaci zai kira. Ko ya kawo ta a zauna a faɗa tare. A sanyi da kilamidiya ana komawa baya kwana 60. A tunjere wata uku in ƙurjin farko ne, wata shida in ya kai ga ƙuraje a tafin hannu da ƙafa, shekara in ba alama.

A gidan mata biyu duka ake yi wa magani a lokaci ɗaya, ko da ɗaya ta ce lafiyarta lau. In aka bar ɗaya, da an zaga kwana cutar ta dawo. In kuma macen ce aka fara samu, kafin a ce ta kai takarda sai an tambaye ta ko yana dukanta, ko tana tsoron saki. In akwai wannan, ba a tura ta ita kaɗai.

Lauya_Obalende:
Hajiya, a ƙanjamau dokar 2014 ɗin ta ba miji ko mata haƙƙin sanin matsayin abokin zama in yana ganin yana cikin haɗarin ɗauka. Amma haƙƙin abokin zaman ne, ba na surukai ko maƙwabta ba.

Malamin_AlabaRago:
A shari'a ma abu biyun ne ke tafiya tare, suturta aibin Musulmi da kuma ba cuta ba cutarwa. Wanda ya san yana ɗauke da ciwo ya kusanci iyalinsa bai nema musu magani ba, ya ci amana. Amma a gaya wa wanda abin ya shafa daban, a ajiye sunan bawan Allah a ofis daban. Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. A nan Legas ma waliyyai da yawa suna neman takardar kafin a ɗaura. Abin da nake jan hankalin 'yan'uwa limamai shi ne kada a karanta sakamako a gaban taro, kuma kada a ajiye kwafi a masallaci.

MaiBaDaShawara:
Allah ya gafarta Malam, a ƙara da cewa gwajin yatsa na ƙanjamau zai iya kai wata uku bai nuna sabon kamu ba. Takardar mako biyu kafin biki ba ta rufe wannan ƙofar. Kuma gwaji ɗaya bai isa a ce mutum yana da ita ba, sai an tabbatar da gwaji na biyu na wani kamfanin, in suka saɓa a yi na uku.

Hajiya_Sabo:
To matar da mijinta ya karɓi takardar ya yaga a hanya fa? Har yanzu ba wanda ya amsa wannan.

Likita_IdiAraba:
A sanyi da tunjere, tsarin da ake da shi bai kai gare ta ba, Hajiya, sai ranar da ta je awon ciki ko ciwon mara ya kai ta asibiti. Wani lokacin ma jariri ne ke tona zancen, kwana biyu zuwa biyar da haihuwa ido ya kumbura yana zubar da mugunya. Wannan ba na ɗiga nono ba ne, a ranar ake kai shi asibiti, don yana makantarwa cikin kwanaki.

Baba Dattijon_Zango, in za a gaya wa yaran nan gaskiya, asiri ba a Alausa yake tonuwa ba. A bakin ƙofar likita yake tonuwa. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarabanci yakan zo da tafinta daga cikin 'yan garinsu, wanda suke kwana shago ɗaya, duk abin da likita ya tambaya ta bakinsa zai bi. Sai fayil mai launi daban, ko ranar asibiti da kowa ya san ta masu wane ciwo ce, ko a ɗaga murya a layin karɓar magani. Wanda kuma kamfani ke biya masa ta inshora, sunan ciwon yana kan takardar neman kuɗi. Mutum yana da damar ya ce tafinta ya tsaya waje, ya nemi ma'aikaci mai jin Hausa, ko ya nuna wurin da hannu. A Agege da Idi-Araba ba a rasa mai jin Hausa a cikin ma'aikata.

Injiniya_Apapa:
Na ji, amma ban sauka daga ra'ayina ba. A 1991 aka fara auna masu ciki don a san yawan ƙanjamau, aka ga ta kai kashi 5.8 a 2001, binciken gida-gida na 2018 ya ce 1.4. An san wannan ne don an zuba kuɗi an bi abin. Sanyi da tunjere an bar su a layi uku na fom ɗin wata. Ko ba suna, a tilasta wa kowane dakin gwaji ya kai nasa adadin.

SaIdo_Mushin:
Waɗannan alƙaluma biyun ba a jera su kai tsaye, Injiniya, na farko na masu zuwa awon ciki ne, na biyu na maza da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 a gidajensu. Kuma ka lura duka biyun bincike ne, ba rahoton dole ba. Maganar dakunan gwaji kuwa ina tare da kai, sai dai a raba nasu da na asibiti, in ba haka ba wanda likita ya ƙirga da alama, ɗakin gwaji ya sake ƙirga shi da sakamako.

Dattijon_Zango:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe da wani ya turo min ta gefe. In matar ta kai takardar gayyatar asibiti a Katsina, za a kira asibitin Legas a tambayi wanda ya ba ta?

MaiRajista:
Ba a kira, Baba. Za a yanka mata nata katin, a yi mata magani bisa lambar da ke takardar, ta shiga ƙirgar ƙaramar hukumar da ta je. In ma'aikacin can bai gane lambar ba, tambayarta zai yi abin da take ji ya duba ta. Shi ya sa ya fi kyau mijin ya roƙi likita ya rubuta sunan maganin da aka yi masa a bayan takardar.

Famasis_Mile12:
A rubuta har da yawansa da ranar da aka yi. Kuma a tambaya ko tana da ciki kafin a miƙa mata doksisaikilin.